WASIƘAR AKAWUN GULMA: Ƙarar Salansa Da Amonta

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, don in yi magana da 'yan'uwana masu karatu a kan wani abu da ya ke hana mu barci a ƙasar Kabi. Wanda ya ji sunansa zai ce ƙaramin abu ne, amma ai ƙaya ma ƙarama ce, ta kan hana ƙato tafiya. Maganar salansa ce, watau bututun nan da hayaƙin mota ko na babur ya ke fita ta cikinsa.

Ga dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ran nan da la'asar sakaliya ina zaune a ƙofar gida, sai ga samari biyu sun zo suna ta gardama. Ɗayan ƙanena ne, ɗan baffana, yana kabu-kabu tsakanin Gulma da Argungu. Ɗayan kuwa abokinsa ne, yana jan wata ƙaramar mota yana kai fasinja Birnin Kebbi. Shi ƙanen nawa ya kai babur ɗinsa wurin mai walda, an yanke salansar, an kwashe kayan cikinta duka, an mayar an liƙe. Abokin kuma ya sayo wata mai ƙyalli mai faffaɗan baki ya sa wa motarsa. Kowa yana cewa tasa ta fi murya. Ƙanena ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Yaya, kai ne ka yi boko, raba mana gardamar nan. Tawa da tasa wace ta fi?"

Na ce, "Ta fi me? Ta fi ƙara, ko ta fi daɗin amo?"

Suka dubi juna, suka ce, "Ashe ba duk ɗaya ba ne?"

To, Edita, a nan matsalar ta ke. Samarinmu sun ɗauka ƙara da amo abu guda ne, sun kuma ɗauka wanda ya fi ƙara shi ya fi ƙarfi. Na yi musu bayani gwargwadon abin da na sani, na ga kuma ya kamata in rubuto shi, ko malaman makaranta sa karanta wa almajiransu.

Da fari sai mu san inda ƙarar ta ke fitowa. A cikin inji fetur da iska su ke ƙonewa da ƙarfi, su tura fistin, sa'an nan bawul ya buɗe hayaƙi ya fito da matsi kamar an fasa ƙaramar bindiga. Motar da ta ke da silinda 4, in injinta yana juyi 3,000 a minti guda, hayaƙin yana bugowa sau 100 a kowace daƙiƙa, shi ya sa kunne ya ke jinsa kamar gurnani ɗaya miƙaƙƙe. Baburan da su ka cika ƙasarmu kuwa, irin su Bajaj da Haojue, silinda ɗaya gare su, a wannan juyin sau 25 kaɗai su ke bugowa, don haka a ke jin nasu dalla-dalla, ta-ta-ta, kamar ana sakin harsashi. Motocin farko a ƙasashen Turawa haka su ke fita suna firgita dawaki, har a 1897 waɗansu 'yan'uwa biyu a Amurka, masu suna Reeves, su ka yi rajistar dabarar kashe wannan ƙara. Ashe abin da samarinmu su ke biyan kuɗi a cire musu, abu ne da masu hikima su ka sha wahala kafin su same shi.

Yanzu ga irin salansar da a ke gani a hanyoyinmu, iri huɗu, da yadda na auna su da kunnena.

Ta fari ita ce wadda kamfani ya ƙera motar da ita. In ka tsaga cikinta sai ka ga an gina ta kamar gidan babban mutum, zaure bayan zaure, ƙofar wannan ba ta duban ƙofar wancan. Hayaƙi ya shiga ɗaki na fari ya bugi bango, ya juyo ta waɗansu ƙananan huji, ya shiga na biyu, ya sake juyowa. Amon da ya tafi da wanda ya komo su kan ci karo su kashe juna, kafin ya kai waje fushinsa ya huce. Muryarta ƙasa-ƙasa ce, har direba da fasinja su yi taɗi ba wanda ya ɗaga murya. Aibinta ɗaya a wurin samari, ba ta sa a waiwayo a dube su.

Ta biyu ita ce ta kanti mai ɗakuna, wadda a ke saya a sa a madadin ta kamfani. Ita ma tana da zaure, amma kaɗan ne, ƙofofinta kuma sun fi faɗi. Wani kamfani na Amurka mai suna Flowmaster ya yi suna da irinta. Muryarta mai kauri ce, tana da gurnani irin na tambari. Sai dai tana da wani hali da mai saye ba ya sani sai ya hau doguwar hanya: in mota ta daidaita gudunta, sai wani ruri ya cika cikinta, ya yi ta bugun kai ba ya tsayawa. Wanda ya ɗauki fasinja daga Argungu zuwa Birnin Kebbi da irin wannan, kafin a isa kowa ya yi gum, tsofaffi suna dafe da kai.

Ta uku ita ce miƙaƙƙiya mai audugar gilashi, irin ta abokin ƙanena. Bututu ne guda ya wuce sak, an huhhuda jikinsa kamar rariya, an naɗe shi da audugar gilashi ko zaren ƙarfe, sa'an nan aka sa masa riga. Audugar tana shanye sirarar ƙara mai tsinin nan, ta bar mai kauri ta wuce. Magnaflow da Borla na Amurka suna yin irinta, haka kuma Akrapovic na ƙasar Silobeniya, wanda masu tseren babur su ke so. In mota tana tsaye amonta da daɗi, in an taka totur kuwa sai ta buɗe baki ƙwarai. Amma ku sani, Jama'a, ba kowace mai ƙyalli da a ke rubuta wa waɗannan sunaye ita ce ta ainihi ba. Mai arahar audugarta kaɗan ce, zafi ya kan cinye ta, bayan 'yan watanni sai a wayi gari ta zama fanko, tana kuka kamar ana dukan garwa.

Ta huɗu ita ce fasasshiya, irin ta ƙanena, wadda ba kome cikinta. Wannan ba a kiranta salansa sai don ladabi. Ba ta da amo, sai tsawa. In mai ita ya saki totur farat ɗaya, ragowar man da bai ƙone ba ya kan kama wuta cikin bututun, sai ka ji tau! tau! kamar an harba bindiga.

Akwai kuma wani abu da ya ke sauya muryar mota ba da nufin mai ita ba. A ƙarƙashin motocin zamani, kafin a kai ga salansa, akwai wata tukunya mai saƙa a ciki kamar ta zuma, wadda kanikawa su ke kira indomi. Aikinta rage dafin hayaƙi. Da ya ke akwai ƙarafa masu tsada a jikinta, a kan fasa ta a kwashe a sayar, wani lokaci da sanin mai mota, wani lokaci ba da saninsa ba. Motar da aka yi wa haka muryarta ta kan yi kaushi, hayaƙinta ya ƙara wari. Wanda ya sayi mota 'yar Kwatano ya ji tana irin wannan kuka, ya sa a duba masa ƙarƙashinta.

To, wannan bayanin amo ke nan, watau kauri ko sirantar murya, da daɗinta ko kaushinta. Ita ƙara kuwa awo gare ta, kamar yadda hatsi ya ke da mudu. Sunan ma'auninta desibel, an samo sunan daga Alexander Graham Bell mai wayar tarho. Taɗin mutum biyu kamar desibel 60 ne. Babur a kusa ya kan kai wajen 95, fasasshe kuwa ya kan haura 100. Mai karatu zai ce, ai tsakanin 90 da 100 ba wani nisa. A nan lissafin ya ke da ban mamaki, gama ba a ƙirga shi kamar kuɗi. Ƙarin desibel 3 ninki biyu ne na ƙarfin ƙarar. Ƙarin 10 ninki goma ne, ko da ya ke kunne ya kan ji kamar an ninka sau biyu kaɗai. Ƙarin 20 kuwa ninki ɗari ne. Watau babur guda da ya fi 'yan'uwansa da desibel 10, daidai ya ke da babura goma sun tashi tare, wanda ya fi su da 20 kuwa daidai ya ke da ɗari. Yaro ɗaya ya shigo gari da tsakar dare, amma a kunnen mai jego da marar lafiya kamar an kawo amarya ne da dukan 'yan rakiyarta.

Masu awo su kan ajiye na'urarsu rabin mita daga bakin bututu. A fili fetal, duk sa'ad da ka ninka nisa ƙara ta kan ragu da desibel 6. Bari mu yi lissafi da salansar da ta ba da 100 a rabin mita. A mita 1 ta zama 94, a mita 8 ta zama 76, a mita 64 ta zama 58, ba ta sauko 46 ba sai a mita 256. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, cikin shawarar da ta bayar a 2018, ta ce kada matsakaicin ƙarar hanya da dare ya wuce 45, domin barcin mutane. Ku duba gidaje nawa ne cikin rubu'in kilomita a garuruwanmu, ga shi da bazara kowa a tsakar gida ya ke kwana, ba bango tsakaninsa da hanya sai zana.

Amma wanda ya fi kowa cutuwa shi ne mahayin da kansa, shi ne kuwa ba ya sani, gama gwano ba ya jin warin jikinsa. Wata hukuma mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka ta ba da shawara cewa kada mutum ya wuce sa'a 8 a yini cikin ƙara mai desibel 85, kowane ƙarin 3 kuma a raba lokacin biyu. A 88 sa'a 4 ke nan, a 91 sa'a 2, a 94 sa'a 1, a 100 minti 15 tak. Kunnen mai babur bai fi kamar mita guda daga bututunsa ba. Bisa lissafinmu na ɗazu sa'a guda ce rabonsa a yini, shi kuwa ƙanena tun hantsi ya ke bisa hanya har isha. Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani abu mai siffar katantanwa, a cikinsa akwai waɗansu ƙananan gasu dubbai, su ne su ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin abin da aka ji. Ƙara mai yawa tana karya su, wanda ya karye kuwa ba ya sake tsirowa, ba boka ba likita. Abin ba ya zuwa da ciwo, sai dai mutum ya kwanta da dare ya ji kunnensa yana ƙugi, a kwana a tashi ya riƙa cewa mutane ba su buɗe baki in suna magana. Na tambayi ƙanena ko ya taɓa jin ƙugin nan. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Kullum, Yaya. Na zaci iska ce." Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 a duniya suna cikin hatsarin rasa jinsu saboda ƙarar da su ke jawo wa kansu. Ban so ɗan baffana ya shiga ƙidayar nan tun bai yi aure ba.

Akwai kuma wata magana da ta shafe mu mu mutanen wannan yanki musamman. Tun harin da aka kai garin Mera na ƙasar Augie a Nuwamba 2024, zukatan mutane ba su kwanta sarai ba, ga shi kuwa kowa ya san miyagun nan bisa babura su ke zuwa. In aka ji babur da dare yana tau! tau! mace ta kan suri goyonta, tsoho ya laluɓi sandarsa, 'yan sintiri su miƙe. Sai daga baya a gane ashe yaron unguwa ne ya dawo daga zance. Ɓarnar biyu ce. Ta fari, an firgita mutane a banza. Ta biyu ta fi muni: in kunne ya saba da wannan ƙara, ran da ta gaskiya ta zo sai a ce, ai yaran nan ne. Allah ya kiyaye.

Saura maganar ƙarfi, wadda ita ce hujjar samari. Suka ce, "Malam, ai in an buɗe salansa inji ya fi numfashi, ya fi gudu." A cikin wannan akwai ɗan ƙwayar gaskiya. Motar tsere, wadda aka gyara injinta duka dominsa, tana amfana da buɗaɗɗen bututu in tana iyakar gudunta. Amma ƙaramin injin da a ke neman abinci da shi, masu ƙera shi sun daidaita kafiretarsa da tsawon bututunsa da faɗinsa tare. In ka fasa salansa ka bar sauran yadda su ke, sau da yawa iska ta kan rinjayi mai, inji ya riƙa zafi, bawul ya ƙone da wuri, ƙarfin tashi kuma ya ragu, shi ne kuwa ƙarfin da mai ɗauko buhun shinkafa daga fadama cikin rairayi ya fi bukata. Abin da ya ke faruwa shi ne kunne ya ruɗi mutum, ya ji tsawa ya zaci gudu ne. Don daɗin jin tsawar kuma sai ya yi ta murɗa totur ko a tsaye ya ke, fetur yana tafiya a banza, alhali tun da aka janye tallafin mai a Mayu 2023 ba wanda bai san zafin kuɗinsa ba. Ga kuma hatsarin walda marar kyau a mota, gama in bututu yana yoyo a ƙarƙashin kujera, iskar nan mai guba marar wari ta kan shigo ciki, ta sa direba gyangyaɗi.

Hukuma ba ta yi shiru a kan wannan ba. Akwai dokar ƙayyade ƙara ta 2009, wadda ta ke hannun hukumar kiyaye muhalli ta ƙasa, watau NESREA. A ƙasashen waje ma haka ne. A Jihar Kalifoniya ta Amurka, inda sauya salansa ya zama abin ado, ba a yarda ta ƙaramar mota ta wuce desibel 95 ba. Amma ni ban rubuto don a kama kowa ba, gama ma'aikacin Gwamnati ba zai kwana a kowace unguwa ba. Abin da ya fi doka a garuruwanmu shi ne kunya da jin maganar manya.

Kada kuma samari su ce Akawu ya ƙi jinin nishaɗi. Kowane abu da ranarsa da filinsa. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara tun 1934, in masunta sun ruga cikin Matan Fada masu jirage suna kaɗa ganga, ƙasa ta kan ɗauka da sowa, ba wanda ya ke ƙorafi. A bikin 2020 har jerin motoci aka yi tun daga Abuja zuwa Argungu, kowa ya fito kallo. Amma ko kakaki, da ya ke na sarakuna, ba a busa shi kowane dare a bayan ɗakin marar lafiya.

Saboda haka ga roƙona. Mai son motarsa ta yi murya, ya nemi salansa mai kaurin amo marar yawan ƙara, gama akwai su. Kafin ya biya, ya sa wani ya tayar masa, shi ya koma nesa ya saurara da kunnen maƙwabci, sa'an nan ya hau hanya ya ji ko tana ruri a ciki. Ga gwaji mai sauƙi: in ba ka iya magana da wanda ya ke kamu ɗaya da kai sai ka yi ihu, to, ƙarar ta wuce abin da kunne ya ke ɗauka. Masu walda da kanikawa, in yaro ya kawo muku a fasa, ku gaya masa abin da zai biyo baya kafin ku karɓi kuɗinsa. Shugabannin 'yan kabu-kabu da na direbobi a tashoshin Argungu da Birnin Kebbi, maganarku ɗaya ta fi wasiƙata goma. Iyayenmu hakimai da masu unguwanni, ku taimake mu da jan kunne. Manoman rani kuma, waɗanda su ke yini a gindin injin ban ruwa wanda tsatsa ta cinye salansarsa, su sani lissafin nan ya shafe su.

Mai karatu zai so ya ji yadda na raba gardamar. Na ce wa abokin ƙanena tasa ta fi amo, amma ya jira damina ta wuce ya zo mu sake saurare, mu ji ko audugar tana nan. Ƙanena kuwa na ce masa tasa ta fi ƙara ba shakka, ya ci wannan, sai dai ladan da zai samu kurumta ce. Bai ji daɗi ba a ranar. Bayan kwana uku na gan shi ya wuce da wata tsohuwar salansa ɗaure a bayan babur, zai kai a sa masa. Ya rage gudu ya ce, "Yaya, ba don maganarka ba ne fa, Inna ce ta matsa." Na ce ko don wa ya yi, in kunne ya ji jiki ya tsira.

Ina so 'yan'uwa na Jega da Yauri da Zuru su rubuto su gaya mana ko abin haka ya ke a wajensu, da dabarar da su ka yi masa. Wanda kuma ya ga kuskure cikin lissafina ya gyara mini, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Iyakar abin da ke gare ni ke nan a wannan mako. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Akawun Gulma.